Zauren Tambaya da Amsa: Mai Zane, Bangon Majami'a da Allah Marar Iyaka

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ni matashi ne mai sana'ar zane, allunan shaguna da rubutun jikin motoci su ne abincina. Ikilisiyarmu ta gama ginin sabuwar majami'a, kwamitin gini kuma ya ba ni bangon da ke bayan mumbari in ƙawata shi. Kafin in sayi fenti sai wani dattijo ya tashi a taro ya ce doka ta biyu cikin Dokoki Goma ta hana a yi siffar kowane abu, ya ƙara da cewa maƙwabtanmu Musulmi za su ce mun koma bautar gumaka. Maganarsa ta dame ni, amma akwai wadda ta fi ta cin raina, wadda ban faɗa wa kowa ba: tun da Allah ba shi da iyaka, ashe duk abin da zan zana a bango mai faɗin ƙafa ashirin ba rage shi zai yi ba? Yau wata biyu ke nan na kasa ɗaukar buroshi domin wannan aiki. Shin zanen zunubi ne, ko kuwa wahalar banza ce kawai? Daga wani mai karatu a kudancin Kaduna.

AMSA: Ɗana, na gode da wasiƙarka. Tambayoyi biyu ka haɗa a damtse ɗaya, kuma ta dattijon ce mai sauƙi, saboda haka da ita zan fara, ko da yake ba zan yarda ka raina shi ba, domin tsoronsa yana da tushe kamar yadda za ka gani.

Dokar da ya ambata tana cikin Fitowa sura 20, aya 4, amma jimlar ba ta ƙare a nan ba, aya ta 5 ce ta ƙarasa ta da hana rusunawa da yin sujada ga abin da aka siffanta. Wanda ya tsaya a aya ta 4 zai sha wuya idan ya ci gaba da karatu, domin sura biyar kacal a gaba, a sura 25, Allahn da ya ba da dokar shi ne ya umarci Musa a ƙera kerubobi biyu na zinariya, wato siffofin wasu irin mala'iku masu buɗaɗɗun fikafikai, a bisa murfin akwatin alkawari, wato a wuri mafi tsarki na dukan sujadar Isra'ila. A sura 31 kuwa an kira Bezalel ɗan Uri, na kabilar Yahuza, da sunansa, aka ce an cika shi da Ruhun Allah, kuma abin da cikawar ta haifar shi ne gwanintar aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu masu daraja, da sassaƙar itace. Aka haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan, gwanin saƙa da ɗinkin ado. Mun saba jin an ce Ruhu ya sauko wa mai wa'azi ko mai addu'a, sai ga shi a nan ya sauko wa maƙeri da masaƙi. Akwai ma wani ɗan bayani a sura 28 da nake son masu sana'a irinka su lura da shi: an ce a kewaye bakin rigar babban firist da 'ya'yan rumman na shuɗi da shunayya da mulufi, da ƙararrawar zinariya a tsakaninsu. Ka zaga lambunan duniya kaf, ba za ka tsinki rumman mai launin shuɗi ba. Ashe tun a alfarwa ta sujada an ba mai sana'a izinin ya wuce kwaikwayon abin da idonsa ya gani, ya fito da abin da babu shi a gona.

To, ina tushen tsoron dattijon? Yana cikin labarin macijin tagulla. A Littafin Ƙidaya sura 21 Allah ne da kansa ya ce a ƙera shi a ɗora bisa sanda, domin wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru, 2 Sarakuna sura 18 ta ce Sarki Hezekiya ya farfashe wannan macijin, wanda ake kira Nehushtan, saboda jama'a sun koma suna ƙona masa turare. Tagullar ba ta sāke ba, ƙirar ba ta sāke ba, zukatan masu duba ne suka karkata. Abin da aka yi domin ya nuna hanya ya zama shi ne masauƙi. Wannan haɗari na nan har gobe, kuma bai tsaya ga zane ba: ginin majami'a, da muryar mawaƙi, da sunan babban mai wa'azi, duk suna iya zama Nehushtan.

Ya kamata kuma ka san cewa gardamar da ta tashi a taronku ta girmi ƙasarmu. A daular Rumawan gabas, wadda hedkwatarta ke birnin da ake kira Istanbul a yau, Sarki Liyo na Uku ya fara yaƙi da hotunan majami'u wajen shekarar 726, aka shafe fiye da ƙarni guda ana farfasawa ana mayarwa. Babban wanda ya kare masu zane a lokacin shi ne Yohanna mutumin Dimashƙu, kuma abin sha'awa shi ne a ƙarƙashin mulkin halifofin Banu Umayya yake zaune, inda hannun sarkin Rum ba ya kai gare shi. Mahaifinsa ma babban ma'aikaci ne a fadar halifa. Hujjarsa ita ce, a dā ba a iya siffanta Allah domin ba shi da jiki, amma tun da Kalman, wato Yesu, ya zama mutum ya zauna a cikinmu, aka gan shi, aka taɓa shi, to abin da ido ya gani hannu na iya zanawa, kuma sujada ta Mahaliccin itace da launi ce, ba ta itacen da launin ba. Taron shugabannin ikilisiya na biyu da aka yi a Nikiya a 787 ya karɓi wannan ra'ayi, ya bambanta girmamawa da sujada, amma sai a 843, zamanin Sarauniya Tiyodora, ƙurar ta kwanta. Da zamanin gyaran ikilisiya ya zo a Turai, maganar ta sake tashi: a birnin Zurik an kwashe hotuna daga majami'u a 1524 ƙarƙashin koyarwar Zwingli, shi kuwa Martin Luther bai ga laifinsu ba muddin ba a yi musu sujada, har babban amininsa, Lucas Cranach, mai zane ne. Mishanonin da suka kawo bishara yawancin garuruwanmu, kamar SIM da ta iso a 1893 da SUM da ta iso a 1904, daga ɓangaren masu son bango fari fat suka fito, shi ya sa za ka shiga majami'ar Katolika ka tarar da siffofi, ka tsallaka titi ka shiga ta ECWA ko COCIN ka tarar da aya ɗaya a rubuce da gicciye kawai. Dattijonku gādon iyayensa na bangaskiya yake riƙe da shi, kuma ba laifi ba ne mutum ya riƙe gādo.

Ga nawa ra'ayin a fili, tun da ka tambaye ni. Kada ka zana Allah Uba. Na san Michelangelo ya zana shi a rufin ɗakin sujada na Sistin a Roma tsakanin 1508 da 1512, a siffar dattijo mai furfura da ƙarfin damtse, kuma duniya na tururuwa zuwa kallo, amma gwanintar aikin ba ta sa na yarda da shi ba, domin Yohanna 1:18 ta ce ba wanda ya taɓa ganin Allah, kuma yaron da ya tashi yana kallon wannan tsoho a bango zai daɗe kafin ya kankare shi daga zuciyarsa lokacin addu'a. Game da fuskar Yesu kuwa, ka sani Linjila huɗu ba su faɗi tsawonsa ko launin fatarsa ko yanayin gashinsa ba. Hoton nan na kalanda da muka saba gani, mai dogon gashi mai laushi da farar fuska, ya samo yawancin kamanninsa daga zanen da wani Ba'amurke mai suna Warner Sallman ya yi a 1940, wanda aka buga aka yaɗa ko'ina har mutane suka ɗauka da kyamara aka ɗauko shi. Babu wata doka da ta ɗaure ka da shi.

Yanzu sai tambayarka ta biyu, wadda ta hana ka barci, kuma ita ce ta sa na ba wasiƙarka yawancin filin wannan wata.

Mutumin da ya fi kowa dacewa ya amsa maka shi ne Sulemanu. Shekara bakwai aka yi ana gina Haikali, da itacen al'ul daga Lebanon, da zinariya, da sassaƙar furanni da itatuwan dabino a jikin bango. A ranar keɓewa, gaban dukan jama'a, sai ya ɗaga hannuwansa ya ce sama da saman sammai ba su isa su ɗauki Allah ba, balle wannan ɗaki da ya gina. Wannan magana tana 1 Sarakuna 8:27. Ka lura da lokacin da ya faɗe ta: bayan an gama aikin ne, kuma bai sa a rushe ginin saboda ita ba. Ya san tun farko ɗakin ba zai ɗauki Allah ba, ya kuma gina shi da iyakar gwanintar da ke ƙasarsa da ta maƙwabtansa. Kai ma ka gano abin da Sulemanu ya gano, sai dai kai ka ɗauke shi dalilin ajiye buroshi, shi kuwa ya ɗauke shi addu'ar buɗe ƙofa.

Ka yi tunanin matar da ta je kogin Kaduna da tulu a damina. Abin da ta ɗebo ruwan kogin ne na gaskiya, za a sha a kashe ƙishi, za a yi girki da shi. Ba ta rage kogin da komai ba, kuma ba wanda zai ce ta yi wa kogin ƙarya don tulunta ƙarami ne. Wauta za ta shigo ne kawai ranar da ta sauke tulun a tsakar gida ta ce wa yara ga kogin nan ta kawo, ba sauran zuwa. Bangonka mai ƙafa ashirin tulu ne. Ai da ƙanƙantar mazubi hujja ce ta yin shiru, da mai wa'azi ne zai fara rufe baki, domin kalma ma tana da iyaka kamar launi. Duba Ishaya sura 40, inda annabin ya yi tambayar nan mai nauyi a aya 18, cewa da wa za a kamanta Allah. A cikin wannan sura ɗaya, a aya 11, ya riga ya kamanta shi da makiyayi mai rungumar 'yan raguna a ƙirjinsa, a aya 22 kuma ya ce yana shimfiɗa sammai kamar labule. Annabin bai manta da tambayarsa ba, ya dai san cewa wanda ba a iya kamanta shi da abu ɗaya, sai a yi ta kawo kamanci bisa kamanci, kowanne ya ɗebo nasa ya bar saura. Haka Ubangiji Yesu ya yi a Matiyu sura 13, inda ya jero misalai bakwai a kan Mulkin Sama: mai shuka, da zawan a cikin alkama, da ƙwayar mastad, da yisti a cikin gari, da dukiyar da aka binne a gona, da lu'ulu'u mai tsada, da tarun masunta. Da misali ɗaya ya wadatar, da bai kawo na biyu ba.

Magabatan ikilisiya sun yi ta juya wannan magana. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, har rasuwarsa a 430, ya gargaɗi masu sauraronsa cewa duk abin da hankalinka ya kewaye shi ya gama da shi, to ba Allah ba ne. Amma wanda maganarsa ta fi dacewa da mai zane, a ganina, shi ne Girigori na Nissa, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a yankin da ke cikin Turkiyya a yanzu. Ya tsaya a kan Fitowa sura 33, inda Musa ya roƙi ganin ɗaukakar Allah, aka sa shi a kogon dutse, aka ce fuska ba za ta ganu ba, sai dai baya. Girigori ya ce ai mai bin wani a hanya bayansa yake gani, saboda haka abin da aka koya wa Musa shi ne ganin Allah bin sa ne, kuma tun da wanda ake bi ba shi da iyaka, tafiyar ba ta da ranar ƙarewa, kowane tudu da aka hau sai ya buɗe wani a gabansa. Ka auna wannan da sana'arka. Idan aka ba ka allon shagon mai sayar da taya, kwana biyu ka gama, ba abin da ya rage a faɗa game da taya. Wannan bango kuwa an ba ka abin da kakanninka na sana'a suka yi shekara dubu biyu suna ɗiba bai ragu ba, wanda kuma jikokinka za su tarar da shi cike.

Akwai wurin da nake so ka je da ƙafarka idan hali ya yi, wato majami'ar Bartalamawus mai tsarki da ke Wusasa kusa da Zariya, wadda aka gina wajen 1929 lokacin da mishan ɗin CMS ya tashi daga cikin birni ya koma can. Da ƙasa aka gina ta, da hannun maginan Hausa, bisa tsarin da suka gāda na gina soraye da zauruka. Ranar da na fara shiga, da tsakar rana ce a bazara, ina tsallaka ƙofa sai sanyi ya sauko mini kamar an yaye mini bargo, na ɗaga kai na ga bakunan ginin sun taso daga kaurin bango sun haɗu a sama, na ɗora tafin hannuna a jikin bangon na ji rashin daidaituwar yaɓen, alamar hannun mutum ne ya bi shi taki taki. Ba hoto ko ɗaya da ya ja hankalina a ranar, ginin ne ya yi wa'azin, kuma da harshen garin ya yi shi. A kudu ma an yi irin wannan ƙoƙari: a Oye Ekiti, daga 1947, Fada Kevin Carroll ya tara masassaƙan Yarabawa suna sassaƙa labaran Littafi Mai Tsarki da salon gargajiyarsu, kuma fitaccen da ya fito daga wannan aiki, Lamidi Fakeye, Musulmi ne da ya sassaƙa ƙofofin majami'u. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya zana tashoshin hanyar gicciye, wato matakan wahalar Yesu har zuwa kabari, a wata majami'ar Katolika da ke Ebute Metta a Legas, da mutane masu kama da na ƙasar nan. A Gondar ta Habasha kuwa, rufin majami'ar Debre Berhan Selassie cike yake da fuskokin mala'iku masu manyan idanu, kuma duk fuskokin Habashawa ne.

Abin da zan ba ka shawara ka yi shi ne ka je gidan dattijon da kanka, da yamma, ba a taro ba, ka gaishe shi ka ce ka zo neman shawarar uba. Romawa sura 14 ta hana mu sa wa ɗan'uwa abin tuntuɓe saboda abin da mu muke ganin halal ne, kuma bangon da zai raba ikilisiya gara a bar shi da farar ƙasa. Ka tafi da zane biyu ko uku a takarda. Ɗaya ya zama misalin mai shuka, a gonar dawa irin ta garinku, da tsuntsaye a bakin hanya, da ƙaya, da fako, da zangarniyar da ta sunkuya don nauyi. Babu mai hankalin da zai durƙusa wa manomi da ƙwaryar iri. Wani kuma ya zama aya ce da kyakkyawan rubutu, tun da rubutu sana'arka ce, kewaye da adon da ba shi da siffar mai rai. A nan ma kana da abin koyo wurin maƙwabtan da ake jin tsoron bakinsu, domin gudun siffa bai hana su fasaha ba: dubi zayyanar da alarammomi ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu, dubi dagin da magina ke fitarwa a fuskar soro, zare ɗaya yana shiga yana fita har ido ya kasa gano inda ya fara. Idan wani cikinsu ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya cikin ladabi, cewa ba a yi wa bangon sujada, kuma ranar da aka fara, kai ne za ka fara kawo fentin shafe shi.

TAMBAYA: Baba, ni ce mai tsara waƙoƙi a zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Wata 'yar'uwa ta ce kada in ƙara cewa na ƙirƙiro waƙa, domin Allah kaɗai ke yin sabon abu, kuma waƙoƙin da ke cikin littafi sun isa. Ina gaskiyar take? Daga wata mai karatu a Gombe.

AMSA: 'Yata, Hausa ta riga ta raba muku gardamar rabin farko. Halitta ta Allah ce shi kaɗai, domin shi ne ya yi abu daga babu, shi ya sa ba mai cewa maƙeri ya halicci fartanya. Ƙera ta ya yi, daga ƙarfen da ya tarar. Ke ma murya da harshe da amon tulu kika tarar, kika haɗa su yadda ba a taɓa haɗawa ba, kuma ƙirƙira ita ce sunan wannan aiki, babu saɓo a cikinta. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi irin wannan bambanci tsakanin Mahalicci da mai sana'a a wasiƙar da ya rubuta wa masu fasaha a 1999.

Rabi na biyu kuwa Zabura ce za ta amsa, domin 33 da 96 da 98 da 149 duk sun ce a raira sabuwar waƙa ga Ubangiji, ta 33 ma ta ƙara da cewa a kaɗa da gwaninta. Wannan ƙarin shi nake so ki riƙe. Na sha zama a bayan majami'a ranar koyon waƙa ina jin mata suna maimaita baiti ɗaya sau goma, mai tulu tana buga bakinsa da soso, mai kacau-kacau tana jiran shigarta, har sai kalmomin sun zauna daidai a kan kiɗan, kuma wannan wahala ita ce gwanintar da ake nufi. Zabura 119 tana da aya 176, an kasa ta kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane kashi aya takwas, kuma a asalin harshen kowace aya a cikin kashin da harafi ɗaya take farawa. Wanda ya tsara ta ya sha aiki ba kaɗan ba. Saboda haka kafin ki koya wa mata sabuwar waƙa, ki kai wa fastonku kalmomin ya duba koyarwar da ke ciki, ki kuma rera ta ke kaɗai ki saurara ko karin ya murɗe wata kalma ya sauya mata ma'ana, domin a Hausa hawa da saukar murya na iya mai da kalma wata dabam, kuma wannan ne ya sa wasu tsofaffin waƙoƙin da aka ɗora wa karin Turawa suke da nauyi a baki. Waƙoƙin littafin kuma kada a ajiye su, a riƙa haɗawa da naki a sujada ɗaya.